Don Catello da Buhun Habasha

Don Catello bai taɓa tambayar ɗan unguwarmu abin da zai sha ba. Kana sako ƙafa a ƙofar shagonsa zai ɗago ido ya dube ka, hannunsa kuwa ya riga ya kai kan mariƙin injin gahawa. Kafin ka gama gaisuwa ya dire maka ruwa a ɗan tambulan don ka wanke bakinka, sai finjalin gahawa ya biyo baya, da zafin da zai sa ka ambaci iyayenka, domin a tafasasshen ruwa yake ajiye finjalansa. Sukari ma ya riga ya zuba maka, gwargwadon yadda kake so, ko gwargwadon yadda shi ya ga ya dace da kai, wanda a wurinsa duk ɗaya ne. A tsaye za ka sha, kurɓi biyu ko uku, ka zagi gwamnati, ka zagi alƙalin wasan ƙwallon jiya, ka kama gabanka. In kuwa tsautsayi ya sa ka nemi gahawa da madara bayan cin abincin rana, zai jingina da kanta ya tambaye ka cikin tausayi, "Tun yaushe ba ka da lafiya?"

Haka muka taso muka same shi a Castellammare, garinmu na bakin teku kusa da Napoli, a ɗan shagon nan na gangaren kasuwar kifi, gajere, kakkaura, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu girma saboda jan mariƙi. Mahaifinsa ma'aikaci ne a wurin ƙera jiragen ruwa, kuma ya so ɗansa ya gaje shi, amma Catello ya je sau ɗaya ya ji ƙarar guduma ya ce kunnensa ba zai ɗauka ba. Da wankin finjali ya fara, a hannun wani tsoho mai faɗan tsiya wanda ya yi shekaru bai bar shi ya taɓa inji ba. Da tsohon ya rasu bai bar magaji ba, matarsa ta duba ta ga babu wanda ya sha zaginsa kamar Catello, sai ta danƙa masa makulli.

Matar Don Catello kuwa, Donna Melina, 'yar mai gidan burodin da ke kallon shagon ce, kuma da gahawa ya nemi aurenta. Kullum da hantsi zai tsallaka titi da finjali a faranti, ya kife wani farantin a bakinsa kada ya huce, ya ajiye a gabanta ya juya bai ce uffan ba. Ita ce ta gaji, wata rana ta ce masa, "Kai, in magana za ka yi ka yi. Zuciyata ta fara bugawa, kuma ban sani ba ko kai ne ko gahawar." Har yau in ta ba da labarin sai ta ƙara da cewa daga baya ta gano gahawar ce.

'Ya'ya biyu Allah ya ba su. Namijin tun yana saurayi ya shiga aikin jirgin ruwa, sai dai a ji muryarsa a waya daga wata tashar da ba mu iya faɗin sunanta ba. Macen, Fortuna, ta zo ne bayan an fid da rai, kuma a bayan kanta ta yi rarrafe. Ita kaɗai ce a duniya Don Catello ya bari ta ja mariƙin injinsa. Tana 'yar makaranta take hawa akwatin lemo ta rataya a jikin mariƙin da duk nauyinta, shi kuwa yana tsaye a bayanta yana bin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda bai gani ba.

Sai dai yaran garin nan ba sa zama. Da Fortuna ta gama karatu sai ta ce tana so ta ga ko duniya ta wuce gangaren kasuwar kifi, ta haɗa jakarta ta tafi Berlin. Don Catello bai raka ta tasha ba, ya ce ba a rufe shago don tafiyar mutum ɗaya. A ranar ne kaɗai muka taɓa shan gahawa da ɗacinta a shagon nan, domin ya manta da sukari tun safe har yamma, kuma babu wanda ya tuna masa.

Shekaru suka tura. Muka ji ta samu aiki a wani gidan suyar gahawa, Don Catello ya riƙa gaya wa duk wanda ya shigo cewa 'yarsa tana can tana koya wa Jamusawa abin da ake kira gahawa. Amma mu da muke ganinsa kullum mun san ba alfahari ne ya cika masa ciki ba. Kansa ya yi fari, kafaɗar ta fara ciwo, in ya ja mariƙi sai ya ɗan cije leɓe. Abu ɗaya yake so a duniya, ya waiga gefensa a bayan kanta ya ga Fortuna tsaye. Bai taɓa faɗa mata ba. In ta kira waya sai ya tambaye ta ko tana cin abinci, ya miƙa wa uwarta.

Bara, da sanyi ya wuce, sai ga ta ta dawo. A teburin cin abinci ta faɗi sharaɗinta ƙarara, domin ita ma jinin Donna Melina ce.

"Baba, gwadawa zan yi. Ka ba ni gefe ɗaya na kanta in yi gahawa irin wadda na koya. In ta samu karɓuwa na zauna. In ba ta samu ba, sun ce aikina zai jira ni har ƙarshen zafi."

"Gefe ɗaya? Ɗauki duka," in ji shi.

Washegari da kansa ya kwashe farantan kek da suke zaune a ƙarshen kanta tun zamanin tsohon maigidansa, ya goge wurin har yana ƙyalli. Fortuna ta jera kayanta: ɗan sikeli, da buta mai siririn wuya, da mazurari, da takardun tacewa. Ta kuma kawo kujeru dogaye guda biyu ta ajiye a gaban kanta. Don Catello ya dubi kayan nan ya koma wurin injinsa.

Sabatino mai kifi ne ya fara gwadawa, shi ma don Don Catello ya harare shi ne. Fortuna ta auna ƙwayoyi a sikeli, ta niƙa da hannu, ta shimfiɗa takarda a mazurari, ta fara tsiyaya ruwa daga buta tana zagayawa a hankali. Sabatino ya dubi agogo, ya dubi mu da muke tsaye.

"Fortù, in kin gama aikin asibitin nan ki taimaka ki ba ni gahawa."

"Ita nake haɗawa, Kawu Sabatì. Ɗan zauna mana."

"In zauna? Wa ya mutu? Kifina yana can a rana, ƙudaje sun fara aika wa danginsu."

Da ta gama ta miƙa masa a tambulan babba. Ya ɗaga shi sama ya kanne ido ɗaya.

"Catè, ga ka can ina hango ka ta ciki. Wallahi har gashin bakinka."

Ya kai hannu ga sukari, Fortuna ta janye gwangwanin ta ce ya ɗanɗana tukuna. Ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse.

"Lemon tsami kika matsa a ciki?"

"Ban sa komai ba, ɗanɗanon ƙwayar ne. Ka bari ya ɗan huce, za ka ji kamar ƙamshin furen lemo."

"Ni dai 'yata, na ji kamar an wanke tukunyar gahawa an ba ni ruwan."

Shago ya kaure da dariya. Don Catello bai yi ba. Ya buga hannu a kanta har finjalai suka yi ƙara.

"Sabatì, mutumin da yake wuni da hancinsa cikin kifin shekaranjiya, shi ne zai koya mana ɗanɗano?"

Aka ƙara kwashewa, wannan karon da Sabatino ake. Amma da yamma, da Fortuna ta hau sama, Don Catello ya ɗauki ragowar tambulan ɗin ya kurɓa, kuma a ransa ya san Sabatino bai yi ƙarya ba. Abin ya dame shi ƙwarai.

Ba wai ba ta samu masu sha ba. Wasu 'yan mata ma'aikatan jinya sun riƙa zuwa, da ɗalibai jefi-jefi, su hau dogayen kujerun nan su ɗauki hoton tambulan kafin su sha. Don Catello ya kasa gane mutumin da zai bar gahawa tana hucewa yana neman inda haske ya fi kyau. Amma ba su da yawa, kuma yana lura da yadda Fortuna take ɗago kai duk sanda aka shigo, sannan ta mayar in mai shigowar ya nufi ɓangarensa.

Lahadi a gidansu ranar miyar nama ce, wadda Donna Melina take ɗorawa tun Asabar ta bar ta a ƙaramar wuta har tumatir ya koma baƙi-baƙi. Wata Lahadi, bayan an ci taliya an ci nama an share faranti da burodi, Fortuna ta shiga ɗaki ta fito da buhun gahawarta. Ɗan buhu ne, bai fi matashin kai ba. Ta kwance bakinsa ta ce mahaifinta ya ɗiba ya gani. Ya ɗiba ya baza a tafin hannu. Ƙwayoyinsa shi baƙaƙe ne wuluk, suna ƙyallin mai. Waɗannan kuwa busassu ne, launinsu kamar gyaɗar da aka sauke da wuri.

Ta ba su labari, idonta yana haske. Gidan da take aiki ne suka tura ta Habasha. A can kan wani dutse ta sauka gidan wata mata mai suna Chaltu, wadda take da 'yar gona a bayan gida. Ba ta tsinkar 'ya'yan gahawa sai waɗanda suka nuna jajawur, ta shanya su a kan gadaje, tana juya su da hannu safe da yamma. Duk noman shekarar bai wuce 'yan buhuna ba, kuma da roƙo Fortuna ta samu masu gidan suyar suka soya mata wannan ɗin ta taho da shi.

"Har sunan mai gonar kin sani?" in ji Don Catello. "To saniyar da kika ci yanzu fa, wane suna gare ta?"

"Ta san sunan mahaucin, ya isa," in ji Donna Melina. "Bar yarinya ta yi magana."

"Ni ban hana ta ba. Amma Fortù, wannan bai soyu ba."

"Da gangan aka sauke shi haka, Baba. In aka bar shi ya yi baƙi, wutar kawai za ka ji, duk wahalar matar nan ta tafi cikin hayaƙi."

"Dubi miyar uwarki. Tun jiya take kan wuta. Abin da ya daɗe a wuta shi ne abinci."

"Kifi fa? In ya fito daga teku da safe, ka taɓa barin Mama ta kwana tana dafa shi? Ba kai ne kake cewa a nuna masa wuta kawai a sauke ba?"

"Kifi daban, gahawa daban."

Ta yi dariya ta sumbace shi a ka, ta ce masa ta gayyato mutane daga Napoli ranar Asabar mai zuwa, masu son irin wannan gahawar da masu rubutu a kan abinci, su zo su ɗanɗana ta Chaltu. Ta ce in ranar ta yi kyau, sunan shagon zai kai inda ba ya zato.

Shi kuwa abin da ya ji shi ne, in ranar ba ta yi kyau ba 'yarsa za ta koma. Ya sake duban ƙwayoyin da ke hannunsa, zance ya haɗu a kansa tsaf. An cuci yarinyar nan. Sun ga baƙuwa ce, sun haɗa ta da wanda suka sauke ɗanye don tsumin itace, kunya ta hana ta faɗa, shi ya sa ta ƙirƙiro zancen furen lemo. Yanzu kuma mutanen Napoli, waɗanda bakinsu ya fi na Sabatino kaifi sau goma, za su zo su yi mata dariya a cikin shagon ubanta, yana tsaye yana kallo. Ya rantse a ransa ba za a yi haka yana raye ba.

Litinin ba a buɗe shago. Fortuna ta ɗibi ƙwayoyi kaɗan a gwangwani ta hau jirgin ƙasa zuwa Napoli don ta kai wa waɗanda ta gayyata su ji ƙamshi. Donna Melina ta tafi ziyarar kabarin iyayenta kamar kowace Litinin. Gida ya zama na Don Catello shi kaɗai. Ya ɗaure buhun a bayan ɗan babur ɗinsa ya haura wurin Aniello.

Aniello ne yake soya masa gahawa tun suna samari, da itace, a wani ɗaki da hayaƙi ya mayar baƙi a gindin dutse. Shi ne kuma uban baftismar Fortuna. Ya ɗibi ƙwaya ɗaya ya jefa a baki, ya tauna, ya tofar.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Jamusawa."

"Ai shi ke nan. Mutanen da suke cin abincin dare da sanyinsa. Wannan ai gaisawa kawai ya yi da wuta daga nesa."

"Zai gyaru, Aniè?"

"Ƙwayar mai kyau ce, ba ƙarya. Adalci ne kawai ba a yi mata ba. Yarinyar ta san ka kawo?"

"So nake ta dawo ta tarar."

Aniello ya dafa ƙirji. "Ni na riƙe ta a coci tana tsala ihu. Juye shi duka."

Suka hura wuta. Tsofaffin nan biyu suka tsaya a gaban ganga tana juyawa, suna sauraron ƙwayoyi suna fashewa, hayaƙi yana sa su hawaye, kowannensu zuciyarsa fal da son yarinyar. Da Aniello ya juye, ga su nan baƙaƙe suna ƙyalli kamar an shafa musu man zaitun. Suka niƙa kaɗan suka haɗa finjali biyu, suka zuba sukari, suka sha a tsaye, suka yi musabaha.

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba," in ji Don Catello.

Ya mayar da buhun inda ya ɗauko shi, ya yi aski, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya zauna jira.

Da la'asar Fortuna ta dawo tana murna, tun daga matakala take cewa kowa ya ce zai zo. Tana shiga ɗaki sai muryar ta yanke. Warin ƙuna ne ya fara tarar ta. Ta fito da buhun a rungume, ta ajiye a tebur, ta kwance, ta cusa hannu ta ɗebo. Ta daɗe tana kallon man da ya shafe mata yatsu.

"Baba, me ka yi?"

"Na ƙarasa miki," in ji shi, yana murmushi har kunne. "Ni da uban baftismarki. Yanzu mutanen Napoli su zo."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ja kujera ta zauna, hawaye suna sauka ba ta ko share ba.

"Na gaya maka da bakina da gangan aka sauke shi haka. A teburin nan na gaya maka."

"Na ɗauka cutar ki suka yi, kunya ta hana ki faɗa."

"Wato shekarun da na yi ina koyon aikin nan, a wurinka ban san ɗanye da soyayye ba. Ba gahawar ce ta fi yi min ciwo ba, Baba. Ka saurare ni kamar yadda ake sauraron yaro yana ba da labarin mafarki."

Ta tashi ta shige ɗaki. Don Catello ya juya wajen matarsa, wadda ta dawo daga maƙabarta ta tsaya a bakin ƙofa ta ji komai.

"Melì, taimakonta na yi."

"Garin neman gira ka rasa ido, Catè. Ni in wata ta shigo min kicin ta ƙara wa miyata gishiri don ta taimake ni, da sai dai ka zo ka ɗauki gawarta."

Fortuna ta kira mutanen Napoli ta ce an fasa. Ta kwashe sikelinta da butarta daga kanta. Ta sayi tikitin komawa na ranar Asabar ɗin da ta shirya yin taronta. Don Catello kuwa bai iya ba da haƙuri da baki ba, babu wanda ya taɓa koya masa. Abin da ya iya shi ya yi. Kowace safiya ya haɗa gahawa ya hau da ita sama, faranti a kife a bakin finjali. A wurinmu ƙin karɓar gahawar mutum yanke zumunci ne, don haka tana karɓa ta shanye. Sai ta miƙo finjalin ta ce, "Na gode," kamar yadda ake gaya wa baƙo. Ya gaya wa Donna Melina da ta watsa masa a fuska da ya fi masa sauƙi.

Ana jibi za ta tafi ya karɓi wayar matarsa, ya sa ta nemo masa lambar Agata, wata 'yar Sicily da suke aiki tare da Fortuna. Ya shiga bayan shago ya yi ta magana da ƙarfi, domin a ganinsa Berlin da nisa. Ya ce a aiko masa da buhu irin wancan, sak, ɗanye yadda yake, ba zai taɓa shi ba.

Agata ta ce, "Don Catè, ai babu. Na gonar matar nan ya ƙare, na Fortuna ne na ƙarshe. Sai ta sake girbi, ta shanya, a ɗora a jirgin ruwa. Sai baɗi war haka."

Sai a lokacin ya gane abin da ya ƙona. Shi duk rayuwarsa gahawa aba ce da in ta ƙare ake aika wa Aniello ya kawo wata. Bai taɓa tunanin tana da kaka kamar inabi ba, ko cewa akwai wata mata da ta yi watanni tana juya ta da hannu. Ya zauna a kan akwatin lemo, kunya ta lulluɓe shi, irin wadda bai ji ba tun yana wankin finjali. Agata ta yi ta kiran sunansa tana tambaya ko yana kan layi. Can sai ya ɗago kai.

"Kin ce sai baɗi?"

"Sai baɗi."

"To rubuta sunana."

Ranar Asabar da sassafe, kafin a ɗaga ƙofar shago, Fortuna ta sauko da jakarta. Ta tarar da shi a bayan kanta ya kunna inji, amma bai haɗa mata komai ba.

"Wanda kika kai Napoli a gwangwani, akwai saura?"

"Na tambulan ɗaya."

"Haɗa min."

Ta dube shi, ta dubi agogo. Sannan ta buɗe jaka ta fito da sikeli da buta da mazurari. Ya zagayo gaban kanta ya hau doguwar kujerar nan da ƙyar, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba. Ta auna, ta niƙa, ta tsiyaya ruwa tana zagayawa. Bai ce ta yi sauri ba. Hannunta yake kallo, ya ga ba ya rawa, ba ya gaggawa, hannun wanda ya san aikinsa ne. Da ta miƙo masa, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa don kada su je wajen sukari, ya jira ya ɗan huce kamar yadda take faɗa. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Ya shanye tas.

"Yaya?" in ji ta.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata. Tsami gare shi."

Ta yi dariyar da ba ta shirya yi ba, ta sa bayan hannu ta share ido.

"Amma can ƙarshe akwai wani abu," in ji shi. "Ban san sunansa ba. Wataƙila in na sha sau ɗari zan gane. Dangin uwarki ma ba a rana ɗaya na saba da su ba."

"Babu na sha ɗari, Baba. Wannan ne na ƙarshe."

"Na sani. Na yi magana da Agata, na sa a ajiye mana buhu ɗaya na girbi mai zuwa."

"Kai ka kira Berlin?"

"Duk kasuwar kifi sun ji ni."

"Ai sai baɗi zai iso."

"Haka ta ce. Na ce mata kada su yi gaggawa." Ya juya tambulan ɗin a kan kanta, bai yarda sun haɗa ido ba. "Nan za a kawo shi, da sunana. In ya iso ba kya nan, kin dai san halina, ni da Aniello. Kafin nan kuma ai ba Chaltu kaɗai ce mai gona a duniya ba. Ki sa a aiko miki da na wasu. Ba zan taɓa ba, ko ya zo kore shar."

Ta tsaya tana kallonsa, gajeren tsoho a kan doguwar kujera, ƙafafu suna reto. Wannan ne roƙon da ya yi shekaru bai iya yi ba, kuma ta ji shi sarai.

Aka fara dukan ƙofa daga waje. Muryar Sabatino ce.

"Catè! Ka mutu ne? In ka mutu ka faɗa mu nemi wani shagon!"

Fortuna ta sa ƙafa ta tura jakarta ƙarƙashin kanta, ta ɗauko ƙyallen aiki ta ɗaura a ƙugu, ta nufi ƙofa. Don Catello ya sauko daga kujera ya koma wurin injinsa, ya ciro finjali daga ruwan zafi. Tana sunkuyawa za ta ɗaga ƙofar sai ya kira ta, bayansa a juye.

"Fortù. Ita wannan Chaltu, kowace shekara take noma?"

"Kowace shekara, Baba."

"To Allah ya ja kwananta," in ji shi, ya ja mariƙi.